Ranar da Baffa Ya Shimfiɗa Tabarmi

Baffana, yayan mahaifinmu, bai taɓa wuce Kano ba tunda aka haife shi, amma yana da amini a Afirka ta Kudu. Aminin dai bai san da zamansa ba. Shi ne tsohon nan mai furfura da yawan murmushi, wanda Turawan ƙasarsu suka ɗaure shekara da shekaru don ya ce baƙi da fari duk 'yan Adam ne, daga baya ya fito ya zama shugaban ƙasar. A gidanmu na Kademi ba a ambatar sunansa. Baffa "Mutumina" yake ce masa, mu ma muka bi sahu muna cewa mutumin Baffa.

Abin da ya haɗa su, in ji Baffa, ɗauri ne. A zamanin samartakarsa ya hau darbejiya a Gaya zai ɗaura tutar jam'iyyar talakawa, reshe ya karye, ya faɗo a kan makaɗin 'yan hamayya ya fasa masa ganga. Aka ba hammata iska, aka kulle shi, kakanmu ya je da goronsa ya karɓo shi. Inna, mahaifiyata, ta ce furar da aka kai masa ko tsami ba ta yi ba ya dawo gida. Amma a bakin Baffa wannan kullewa kullum ƙara tsawo take yi. Ina ƙarama kwanaki ne. Da na yi aure ta zama watanni. In ya ce "mu da muka sha ɗauri saboda talaka", sai ya ɗaga hannu ya dunƙule, ya dubi kudu.

Kullum bayan la'asar yana zaure da rediyonsa a cinya, yana ba majalisa tarihin mutuminsa. Na haddace shi tsaf, don muryar Baffa ba ta san katanga ba. Ɗan gidan sarauta ne, ya yi kiwon shanu yana yaro, ya yi karatun lauya, har dambe ya taɓa. Ya bi azzalumai da lalama ba su ji ba, ya ce to a ɗauki makami. Aka kama shi, aka kai shi wani tsibiri a tsakiyar teku yana fasa dutse har hasken dutsen ya ɓata masa ido. Da ya fito bai rama ba. A nan Baffa kan tsaya ya dubi majalisa ɗaya bayan ɗaya.

"Gandiroban da ke tsaronsa fa, sai da ya gayyato shi bikin rantsuwa. Kun ji namiji! Kuma zango ɗaya ya yi ya ce ya isa, ya sauka da ƙafarsa. Ina namu nan? Sai dai a ɓamɓare su kamar kaska."

Majalisa ta ce, "Gaskiya ne, Shugaba." Shugaba suke ce masa, don tun kafin a haife ni shi ke riƙe da ƙungiyar manoman unguwarmu, kuma ban taɓa jin an yi zaɓe ba.

Na ce ta bayan katanga nake ji. To, katangar nan a tsakiyar gidanmu take.

Da kakanmu ya rasu aka raba gonarsa tsakanin Baffa da Baba, aka dasa albasar kura a kan iyaka kamar yadda kowa ke yi, don ita ko wuta ta ci gona sai ta sake tsirowa. A daidai iyakar akwai wata babbar ɗorawa. Bayan 'yan shekaru Baffa ya ce albasar ta yi tafiya, ta zagaye ɗorawar ta mayar da ita ɓangaren Baba. Baba ya ce albasar kura 'ya'ya take yi, kuma ba ta neman izinin kowa. Baffa ya ce hannu ne ya matsar da ita. Baba ya rantse, Baffa ya ce rantsuwar ma ƙarya ce. Daga ranar bai ƙara ce wa ƙanensa uffan ba.

Da fari dangar kara ya sa aka ja. Awaki suka cinye ta, sai ya kira magina. Rijiyarmu a tsakiyar gida take, don haka katangar ta bi ta kan bakinta, rabi nasu rabi namu, kowa da gugarsa. Zaure kuwa Baffa ya ce na babba ne. Baba ya fasa mana wata 'yar ƙofa ta baya, wadda in za ka shiga sai ka bi lungu, ka wuce turken awaki, ka karkace kafaɗa. Ta nan muka tashi muna shige da fice. Ta nan aka fitar da ni ranar aurena, kayan ɗakina sai ta saman katanga aka miƙa su.

Wallahi sau da yawa ina ɗauke da tulu a lungun nan zan ji Baffa a zaure yana cewa, "A ƙasar Mutumina, baƙin mutum ba shi da ikon shiga ta ƙofar gaba. Ta baya! A ƙasar ubansa! Kai, zalunci bai yi ba." Majalisa ta yi ta salati. Ni kuma in ciji yatsa in wuce, akuya na jan gefen zanina. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ɗorawar ma wata iskar farkon damina ta kayar da ita tun ina budurwa. Inna da matar Baffa suka raba itacen ta bakin rijiya, suka yi girki da shi har ya ƙare. Dama su matan ba su taɓa daina magana ba. In sun sunkuya jan ruwa sai su yi hirarsu ta ƙarƙashin katanga, har gishiri da daddawa ake aikawa a cikin guga. Liman ya yi ƙoƙarin sulhu, dagaci ya yi, gwaggonmu ta zo daga Toranke ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amsar Baffa ɗaya ce: "Ni ba na gaba da kowa. Magana ce kawai ba na yi."

A shekarar da nake ba da labari Baba ya kwanta tun tsakiyar damina. Ƙafafunsa suka kumbura, idonsa ya fara yana. Ina aure a Ajingi, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ina leƙo shi in na samu sarari. Wata rana ina shafa masa man zafi ya ce, "Uwata, ni ba mutuwar ce ke damuna ba. Lungun nan nake tunani. Makara ba ta lanƙwasa. Ta saman katanga za ku miƙa ni kamar kayan ɗakinki?"

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

Ya ce, "Ta zauren nan aka fitar da ubana. Ina so in bi inda ya bi. Kuma ina so Yaya ya ce ya yafe min, ko da ban san abin da na yi ba."

Na fito raina a ɓace. Na zagaya na durƙusa a ƙofar zaure na gaida Baffa, na ce ƙanensa na jin jiki. Ya rage muryar rediyo ya ce, "Allah ya sauwaƙe wa duk Musulmi," ya mayar da muryar inda take. Da ba don yayan ubana ba ne, da ranar ya ji abin da bai taɓa ji a rediyo ba.

Bayan kaka, an gama cirar gyaɗa, wata rana da hantsi ina tsaka da suya wayata ta yi ƙara. Wata ƙawar Inna ce. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Ashe haka Allah ya yi? Ya haƙuri, 'yar nan?" Na ce me ya faru. Ta ce ɗanta direba ya wuce ta Kademi ya ga tabarmi a ƙofar gidanmu, jama'a maƙil, takalma kamar na masallacin Juma'a. Na kira Inna, wayarta a kashe. Ban san sanda na bar kaskon a kan wuta ba. Na tari mota, daga mota na hau babur, ina kuka har ɗan acaɓan ya taya ni.

Muna isa na ga tabarmin da idona. Ga Baffa a tsakiya, ya ci farar riga, carbi a hannu, idonsa jajur. Na ce a raina, yanzu kake kuka, da ba shi da kunnen ji? Ko kallonsa ban ƙara yi ba. Na faɗa lungu na yi karo da akuya, na banka ɗakin Baba ina salati.

Yana zaune a kan buzu yana shan kunun tsamiya da ludayi.

Ya ɗago ya ce, "Ke ma gaisuwar kika zo yi min?"

Sai a lokacin na lura da matan da ke jere a tsakar gida, kowace ta rufe baki da gefen mayafi, wasu hawayen bai bushe ba. Inna na tsaye a bakin murhu kamar ta kama da wuta. Ita ta warware min zancen. Da asuba rediyo ya ce mutumin Baffa ya rasu can ƙasarsu. Baffa ya ce aminci ba wasa ba ne, in amininka ya mutu kai ake wa gaisuwa. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi, ya sayo goro, ya ce matarsa ta jiƙa geron gumba.

'Yan unguwa sun san zancen, sun zo da safe sun ci goro suna ƙunshe dariya. Liman ma ya zo, aka zuba masa ido a ga yadda zai yi da addu'a, tunda mamacin ba Musulmi ba ne. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kyautata namu zuwan, ya shafa, ya ce yana da ɗaurin aure. Daga nan kowa ya tafi sussukarsa. Amma masu wucewa a hanya fa? A ƙasarmu tabarma a ƙofar gidan da ake jinya magana ɗaya take yi. Kuma ba mai zuwa gidan rasuwa ya ce wa ya mutu, wannan abin kunya ne. Marigayi kawai ake cewa. Kafin azahar labari ya kai Gaya, ya kai Ajingi, ya kai Toranke.

Na ce, "To ba wanda zai je ya faɗa musu?"

Inna ta ce, "Je ki faɗa musu mana, a gaban Baffanki, tunda a ƙofarsa suke zaune."

Baba ya ajiye ludayi. Ya ce, "An ce Yaya ya yi kuka?"

Na ce, "Ba kai yake wa ba, Baba."

Ya ce, "Na sani. Je ki dai gano min abin da ake cewa."

Na zagaya na laɓe a kusurwar gida, bayan wata amalanke. Abin da na ji a wurin, in na tuna har yau sai na rasa dariya zan yi ko kuka. Baƙi na zuwa rukuni-rukuni, su miƙa wa Baffa hannu, su zauna.

"Malam, ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole," in ji Baffa.

"Kai, an yi rashi. Mutum mai haƙuri, a cuce shi ya yi shiru."

"Ka san shi ke nan," in ji Baffa, yana share ido da hannun riga. "Shekara da shekaru a takure, a gidan ubansa, amma bai taɓa riƙe kowa a ransa ba."

Baƙin suka sunkuyar da kai. Na ga wani ya zunguri na kusa da shi, alamar ka ji, yau gaskiya ta fito daga bakin mai ita.

Wani ya ce, "Ashe har an kai shi, ba mu samu jana'iza ba."

"Ina! Ba a kai shi ba tukuna. Sai manyan duniya sun hallara. Za a kwana biyu."

Wani dattijo ya raɗa wa maƙwabcinsa cewa baƙin ciki ne ya taɓa shi, a yi masa uzuri. Ana haka sai ga ɗan takarar kansila da motarsa mai lasifika, da buhun shinkafa, da mai ɗaukar hoto da waya. Ya rungume Baffa, ya juya fuska wajen wayar, ya ce marigayi ɗan jam'iyyarsu ne na haƙiƙa, ko a satin nan sun yi magana. Baffa ya dube shi da mamaki, har da ɗan kishi, ya ce, "Kai ma kuna waya da shi?" Baba kuwa, in ka ji ya yi zaɓe to na irin gyaɗa ne.

Ina shirin komawa sai ga wani tsoho daga Toranke, abokin Baba tun suna kai gyaɗa kasuwa a kan jaki. Shi kukansa na gaske ne, gemunsa ya jiƙe sharkaf. Ya riƙe hannun Baffa bai saki ba.

"Malam, ni ba zan ɓoye maka ba. Na ɗauka ko ranar mutuwarsa ba za ka zauna masa ba. Allah ya saka maka. Kwanan nan na zo duba shi ta ƙofar nan ta baya, ba abin da yake ambato sai kai. Auta ya tafi da kai a ransa."

Auta shi ne sunan da kakarmu ke kiran Baba. Baffa ya ce, "Wane Autan?"

Ya bi fuskokin da kallo. Sai yanzu ya ga ba 'yan majalisarsa ba ne, mutanen ƙanensa ne, abokan kasuwarsa, surukansa, dangin Inna. A daidai lokacin wasu sababbin mata suka shiga lungunmu suka rangaɗa salati da kuka, kukan ya tsallako katanga.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya yarda ƙanensa ya rasu. Me zai hana shi yarda? Shekarun nan duk bai san abin da ke faruwa a bayan katangarsa ba, ya fi sanin abin da ake ciki a tsibirin tsakiyar teku.

"Yaushe?" ya ce. "Katanga ɗaya tsakaninmu, ba wanda ya faɗa min?"

Ya miƙe, rediyon ya faɗo daga cinyarsa, batiran suka gangara cikin takalman mutane. Ya nufi zaure, ya tuna ba hanya ta can, ya dawo. Ya yi dama, ya yi hagu, ba takalmi a ƙafarsa. Sannan ya tsaya a gaban jama'a, tsoho da furfurarsa, ya ce, "Jama'a, ta ina ake shiga?"

Duk haushinsa da na tara tun ina ɗaukar tulu, a nan ya narke. Tausayinsa ya kama ni. Na juya zan ruga in kira Baba, sai na ji hannu a kafaɗata. Ashe ya biyo ni. Mutumin da tun damina bai taka tsakar gida ba sai an riƙe shi, ya lallaɓo lungun nan kaf yana dafa bango, lulluɓe da farin mayafin Inna saboda sanyi.

Da ya ɓullo kusurwa, wani ya ce innalillahi, sai wuri ya watse. Dattawan da suka zo da sanda suka manta da sandunansu. Ɗan takara ya faɗa mota da takalmi wari ɗaya, buhun shinkafar ma bai bari ba. Tsohon Toranke kaɗai ya tsaya, shi ma don gwiwa ta ƙi ne.

Baba ya saki kafaɗata ya ƙarasa bakin tabarma. Ya durƙusa da ƙyar, kamar yadda ƙane ke durƙusa wa yayansa, ya miƙa hannu.

"Yaya, ya haƙuri? Na ji an yi maka rashi."

Kowa ya san mai zaman makoki ba ya ƙin hannun wanda ya zo masa gaisuwa, ko maƙiyinsa ne. Ina jin Baba da wannan lissafin ya fito. Amma ba al'ada ce ta sa Baffa ya karɓa ba. Da hannu biyu ya cafke shi, yana mammatsa yatsun ko zai ji ɗumi. Ya ce, "Da ƙafarka ka zagayo?"

Baba ya ce, "Ta inda aka bar min."

Baffa ya ce, "Auta, ka yafe min." Baba ya ce shi ma abin da ya kawo shi ke nan. Ni dai na rufe fuska da mayafi na yi kukan da na fara tun Ajingi, wannan karon da dalili.

Kafin magariba Baffa ya sa aka kawo diga. Samari suka fara fasa katangar daga gefen rijiya, Inna da matar Baffa na tsaye suna kallon juna ido da ido karon farko tunda aka yi katangar, kowace na cewa ashe haka kika tsufa. Da aka yi kafar da mutum zai wuce, Baffa ya ce ya isa. Baba na zaune a kan turmi ya ce, "A ƙara faɗi." Baffa ya dube shi, ya gane, ya karɓi digar da kansa.

Kada a ɗauka Baffa ya sauya hali. Sati bai yi ba ya sayo sababbin batira, yana gaya wa majalisa cewa shi da Mutuminsa halinsu ɗaya, yafiya a jininsu take. Ɗorawa kuma, wadda tokarta ma ta daɗe da zama taki, ya ce har gobe tasa ce, kyauta ya bar wa Auta. Baba na kishingiɗe a gefensa a zauren yana ji, yana murmushi, bai taɓa musa masa ba. Gumbar da aka jiƙa wa gero kuwa mu muka cinye ta, gida biyu a ƙwarya ɗaya.

Baba ya rasu da ruwan farko na daminar da ta biyo. Makararsa ta bi ta kafar da ya ce a ƙara wa faɗi, ta ratsa zauren ubansa ba ta taɓa bango ba. Baffa ne a gaba, ya ƙi bari a karɓe shi har maƙabarta.

Aka sake shimfiɗa tabarmin nan. Wannan karon mutanen nesa ba su yi saurin zuwa ba, sai da kowa ya aiko a tabbatar masa. Baffa na zaune a inda ya zauna wancan karon, ba rediyo a cinyarsa. Ina daga cikin zaure na ji tsohon Toranke ya iso, ya miƙa hannu, sannan ya yi abin da ba a yi a gidan rasuwa. Ya sassauta murya ya ce, "Malam, wannan karon dai da gaske ne?"

Baffa ya ce, "Ni na yi masa wanka."